Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi na Hurricane, Irin Wanda Ya Ratsa Kano Zuwa Masar

Jirgin Hawker Hurricane bai yi sunan Spitfire, ɗan'uwansa jirgin yaƙin Birtaniya, ba, amma ga mai son koyon haɗa ƙananan jiragen roba, ya fi shi koyar da hannu. Dalili kuwa, jikinsa ba abu ɗaya ba ne. Hancinsa da fukafukansa alminiyum ne, kewayen murfin gilashin matuƙi katako ne, daga bayan kujera zuwa wutsiya kuma yadin lilin ne aka shimfiɗa a kan sandunan katako da bututun ƙarfe. Kowanne da irin tsufan da yake yi. Wanda ya riƙe wannan a zuciya tun daga buɗe kwali, jirginsa zai fito kamar na gaske ko da kayan aikinsa kaɗan ne. Wanda ya manta kuwa, zai ƙare da abin wasan yara mai fenti mai kyau.

Sydney Camm ne ya zana shi, ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935, ya shiga aikin sojan saman Birtaniya a ƙarshen 1937, an kuma ƙera fiye da 14,000. A faɗan sararin samaniyar Ingila na 1940 ya kakkaɓo jiragen Jamus fiye da Spitfire. Amma abin da ya sa na zaɓe shi wani ne daban. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari, sai aka koma kawo jiragen a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake haɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, jirgin Blenheim mai inji biyu yana gaba yana nuna hanya. Saboda haka samfurin da za mu haɗa shi ne Hurricane na farko mai bindiga takwas, da matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci, wadda aka ƙara masa don kada yashi ya ci injinsa, wanda ake kira Merlin.

Abin da za ka tanada

Girma biyu aka fi samu. Faɗin jirgin daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne, wato mita 12.19. A ma'aunin 1/48 zai ba ka santimita 25.4, a 1/72 kuma kusan 17. Ni 1/48 nake ba mai farawa shawara. Ya fi tsada, amma yatsa na iya riƙe sassansa, ido kuma na ganin abin da hannu ke yi. Kamfanin Airfix yana da Hurricane mai matatar Vokes a wannan girman. Arma Hobby na ƙasar Folan yana yin na 1/72 mai kyau ƙwarai, sai dai ƙananan sassansa na son wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙar aiki mai sabuwar reza, samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, hantsaki, tsinken sakace, auduga, robar ɗaure kuɗi, da tef ɗin rufe fenti irin na Tamiya. Tef ɗin kanti na naɗe kwali yana ɗaye fenti, kada ka kusance shi. Gam kala uku ne, kuma ba a musanya su. Akwai gam mai ruwa-ruwa na roba, irin Tamiya Extra Thin, wanda ke narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya. Akwai sufa gulu don waya da sassan ƙarfe. Akwai kuma farin gam irin na kafintoci, shi kaɗai ne zai taɓa gilashi, domin tururin sufa gulu yana sa gilashin roba ya yi hazo fari.

Batun feshi: in kana da alƙalamin feshi da ƙaramar kwamfuresa, madalla. In babu, burushi mai laushi zai yi, sai dai haƙurinka ya ninka. Sannan ka nemi kwali ko bokitin roba mai murfi da za ka kife a kan aikin duk lokacin da ka shafa fenti. A lokacin hunturu wannan murfin ya fi kowane kayan aiki daraja.

Kafin ka yanki komai, wanke firam ɗin da sassan ke maƙale a jiki da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka bar su su bushe. Karanta takardar bayani tun daga farko har ƙarshe, ka sa wa sassan da jirginka ke buƙata alama, domin kwali ɗaya kan zo da farfela iri biyu da ramukan da sai an huda su daga ciki kafin a rufe fiffike. Wajen yanka, bar ɗan tsini a jikin sashen, daga baya ka share shi da reza da samfefa. In ka yanka daf da jiki, robar kan yage ta bar rami. Reza kuma ta riƙa tafiya nesa da yatsa.

Ɗakin matuƙi

Hurricane ba shi da daɓe. Matuƙi yana zaune ne a tsakiyar keji na bututun ƙarfe, ƙafafunsa a kan 'yan faranti biyu, in ya leƙa ƙasa yana hango cikin jirgin. Kwali mai kyau zai ba ka wannan keji sashe-sashe. Haɗa shi ba gam tukuna, ka gwada shi cikin ɓarin jikin jirgin biyu, ka ga ko suna rufuwa. Kuskuren rabin milimita a nan shi ne zai dawo maka a matsayin giɓi a gindin fiffike, kuma rabin milimita a 1/48 daidai yake da santimita 2.4 a jirgin gaske.

Bututun da kujera launin alminiyum ne. Bangon sama da farantin sulke na bayan kujera kore ne mai toka-toka, fentin kamfanin Humbrol lamba 78 ya yi daidai. Allon agoguna baƙi ne marar ƙyalli. Don fito da shi, tsoma busasshen burushi a fenti mai ruwan toka, ka goge shi a takarda har ya zama kamar babu komai a jiki, sannan ka shafa a hankali. Bakin kowane agogo zai kama haske. Ɗigo ɗaya na banish mai ƙyalli da bakin tsinke a cikin kowane da'ira zai zama gilashinsa.

Bel ɗin kujera shi ido ke fara faɗawa a kai in an leƙa. In kwali bai zo da shi ba, yanka tef siriri, faɗin kamar milimita ɗaya, ka shafa masa launin kakin soja mai haske, ka ɗiga azurfa a inda maɗauri yake. Kada ka shimfiɗa shi a miƙe. Bar ɗaya ya ɗan karkace a kan kujera, domin wanda ya fito daga jirgi ba ya tsayawa jera bel. Ban ga amfanin ɓata kwanaki a kan wayoyin da ke can ƙasa ba, da zarar an rufe jiki ba mai sake ganinsu.

Rufe jiki da ɗaura fiffike

Kankare fenti daga duk bakin da gam zai taɓa, gam ɗin roba ba ya kama fenti. Haɗa ɓari biyun, ka riƙe, ka taɓa bakin burushin gam a kan layin. Zai bi layin da kansa. Matsa kaɗan har ka ga ɗan narkakken roba ya ɓullo, kada ka goge shi. Ɗaure da roba ka bar shi ya kwana. Washegari in ka kankare wannan tudun, layin ya ɓace ba tare da fila ba, wato maganin cike giɓi.

A nan ne ake lalata Hurricane. Bayan jikinsa yana da layuka-layuka na sandunan da ke ƙarƙashin yadi, kuma layin haɗin yana bi ta tsakiyarsu a sama da ƙasa. In ka sa samfefa da faɗi, ka shafe su. Manna tef a hagu da dama, ka bar tsakiyar da bai wuce milimita biyu ba, ka yi aiki a nan kawai. Haka za ka yi wa matatar Vokes, wadda galibi ɓari biyu ce kuma layinta yana gaba inda kowa zai gani.

Bayan fiffike ya hau, ɗaga jirgin daidai idonka ka dube shi ta gaba. Tsakiyar fiffiken Hurricane a miƙe yake, ɓangarorin waje ne ke ɗan ɗagawa kaɗan. Ƙananan fukafukan wutsiya su kwanta daidai da juna, tsayayyen kuma ya tsaya cak. Gyara yanzu gam na da ɗanye. Lagireto yana tsakiyar ciki, ka fenta cikinsa kafin ka manna shi. Inda giɓi ya rage, cusa fila kaɗan, in mai narkewa a ruwa ce ka share da jiƙaƙƙiyar auduga. Layukan faranti da samfefa ta cinye, ka sake jan su da bakin allura, tef mai kauri yana yi maka jagora. Ja sau uku a hankali ya fi ja ɗaya da ƙarfi. Wannan jirgi a kan tayar wutsiya yake zama, don haka babu buƙatar sa nauyi a hanci.

Gilashin yana da sanduna da yawa. Ko ka sayi tef ɗin da aka riga aka yanka, irin na Eduard, ko ka manna naka ka bi gefen sanda da sabuwar reza. Fara shafa koren ciki a kan sandunan kafin launin waje, saboda in an leƙa ta ciki shi za a gani. Toshe ramin taya da ɗakin matuƙi da ɗan soso.

Fenti

Fara da faraima mai ruwan toka, siriri. Aikinsa biyu: yana ba fenti wurin kamawa, yana kuma tona asirin duk layin da ka zaci ya ɓace. Gyara, ka sake fesawa.

Yanzu sai zaɓi. Da yawa daga jiragen farko sun iso Afirka da launin Ingila, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Daga baya launin hamada ya zama ƙa'ida: ruwan ƙasa mai duhu da ake kira Dark Earth, ruwan yashi da ake kira Middle Stone, ciki kuma shuɗin Azure Blue. A fentin Humbrol su ne lamba 29 da 225 da 157, sai dai na ƙarshen yana da duhu, ka sassauta shi da ɗan fari. A jirage da dama ruwan yashin an shafa shi ne a kan koren da ke wurin, shi ya sa a wasu hotuna ake ganin duhu na leƙowa a gefe. Zaɓi jirgi guda mai hoto, ka bi shi. Haɗa fasalin jirage uku a jiki ɗaya shi ke haifar da jirgin da bai taɓa wanzuwa ba.

Tsarma fenti har ya yi kaurin madarar ruwa. A alƙalamin feshi, iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI na agogon kwamfuresa ta isa. Daga mai haske ake farawa: shuɗin ciki, sai a rufe shi da tef, sai ruwan yashi a saman gaba ɗaya, sai ruwan ƙasa. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike layuka ya shafe ƙusoshi. A zafin bazara fentin ruwa kan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jiki da kaushi. Yi feshi da sassafe, ka matso da hannu kusa, ka ƙara ɗigon sinadarin da ke jinkirta bushewa. Taga a buɗe, takunkumi a fuska, musamman in fentin mai tina ne.

Don raba launuka biyun sama, mulmula Blu Tack, wani danƙo mai laushi da ke mannewa ya kuma ciru ba tabo, siriri ka bi zanen da ke takarda, ka rufe tsakiya da tef, ka fesa daga sama kai tsaye. Bakin zai fito da ɗan laushi kaɗan, wanda shi ne daidai a wannan girman. Mai burushi ya zana iyaka da fensir, ya tsarma fenti sosai, ya bar kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba. Shafin farko zai yi muni. Haka yake, kada ka koma kansa yana ɗanye.

Ranar hamada tana cin fenti, amma ba daidai ba. Ɗiga fari kaɗan a kowane launi, ka fesa shi sama-sama a tsakiyar faranti na saman fiffike da doron jirgi, inda rana ke duka. Ɓangaren yadi ka ba shi haske ɗan daban da na ƙarfe, ko da ƙiris ne. Ido ba zai ce ga abin da ya gani ba, amma zai gane cewa abu biyu ne.

Sitika

Sitikar ruwa ba ta son fenti mai kaushi. Iska kan maƙale a ƙarƙashinta ta yi ƙyallin azurfa a kewayen haruffa. Maganin shi ne banish mai ƙyalli a jiki duka, a bar shi kwana guda. Yanka sitika ɗaya-ɗaya, tsoma a ruwan ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ajiye a takarda har ta fara zamewa da kanta, sannan ka tura ta wurinta da jiƙaƙƙen burushi. Matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da auduga. Akwai ruwa iri biyu masu kwantar da sitika: Micro Set ana sa shi a ƙasa, Micro Sol a sama. Na biyun zai sa sitikar ta yamutse har gabanka ya faɗi. Kada ka taɓa ta, za ta miƙe ta shige cikin layuka da kanta.

Lura da tambarin. Na saman fiffike ja da shuɗi ne kawai. Na gefen jiki yana da ja, fari, shuɗi da zoben rawaya, kuma daga tsakiyar 1942 aka sirantar da farin da rawayan. Tambarin 1942 a jirgin 1941 kuskure ne da masu sani ke hangowa daga nesa. In sun bushe, sake rufe su da banish.

Tsufa, kowane sashe da nasa

Tsarma fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, da tina marar ƙarfi, ka taɓa shi a layukan faranti. Bayan kamar minti ashirin ka share abin da ya fita da auduga, kana ja daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi. Baƙi wuluk a kan ruwan yashi yana da tsauri, kada ka yi amfani da shi. Kuma wannan aikin na ɓangaren ƙarfe ne. Layukan bayan jiki tudu ne a ƙarƙashin yadi, babu tsagar da datti zai shiga, don haka inuwa mai laushi kawai suke so.

Ɗayewar fenti ita ce babbar jarrabawa. Tsoma ɗan guntun soso a fentin alminiyum, ka dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa inda mutane da yashi ke taɓawa: gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa ya hau, kewayen maɓallan murfin inji, ƙofofin da ake buɗewa a loda harsashi, da bakin fiffike na gaba. Daga bayan kujera zuwa wutsiya, ko ɗigon azurfa kada ya sauka. Haka reshen juyawa na wutsiya da na bakin fukafukai ta baya, duk yadi ne. Yadi in ya lalace faci ake yi masa, saboda haka ɗan murabba'i mai sabon launi, ko mai ja-ja irin ruwan da ake fara shafa wa yadin, shi ne tsufansa. Kewayen murfin gilashi ma katako ne, ba ya nuna ƙarfe.

Farfela ma haka. Ta kamfanin de Havilland ƙarfe ce, yashi na cinye bakinta har azurfa ta fito, musamman ta baya. Ta Rotol a yawancin Hurricane katako ce da aka matse, ba ta yin haka. Dukansu baƙaƙe ne da rawaya a tsini, wadda a wannan girman ba ta wuce milimita biyu ba. Hular farfela a jiragen hamada da yawa ja ce, amma hotonka ne zai yanke hukunci.

Salansa ka fara mata da baƙin ƙarfe, ka bi da ruwan tsatsa sama-sama, ka huda bakinta da ƙaramin abin huji in a toshe ta zo. Hayaƙinta yana bin gefen jiki yana ɗan lanƙwasa ƙasa wajen fiffike: ruwan ƙasa mai duhu a waje, toka mai haske a tsakiya saboda dalmar da ke cikin man. Garin allin zane da aka kankare, a shafa da busasshen burushi, ya fi feshi sauƙin sarrafawa. Injin Merlin yana yoyon mai, don haka ja 'yan siraran layuka masu duhu a ciki daga bayan hanci zuwa lagireto. Ramukan bindiga huɗu-huɗu ne a jere a kowane fiffike, kuma ana manne su da jan yadi kafin tashi don kare ƙura. Jirgin da bai yi harbi ba facinsa lafiya lau, wanda ya dawo daga faɗa facin a huje da ɗan baƙi a baya. Zaɓi ɗaya. Ƙura kuma garin alli ruwan yashi ne a taya, cikin ramin taya da ƙasan wutsiya.

Duk lokacin da ka ji kamar a ƙara kaɗan, ajiye burushi ka ɗauki hoton jirgin da waya. Hoto yana nuna wuce gona da iri fiye da ido.

Ƙananan sassa na ƙarshe

Fesa banish marar ƙyalli a jiki duka, sannan ka bi gefen tef ɗin gilashi da reza kafin ka ɗaye shi, don kada ya taho da fenti. Ƙafafun taya suna naɗewa ne zuwa ciki, kuma tsakaninsu da faɗi. Manna su, ka duba ta gaba da ta gefe, ka bar su su kwana kafin jirgin ya tsaya a kansu. Goga ƙasan kowace taya kaɗan a samfefa don ta nuna nauyi. Fitilun sauka biyu na bakin fiffike da murfin gilashi, farin gam. Fitilar bakin fiffiken hagu ja ce, ta dama kore.

Akwai matakin ƙafa da ake jawowa a ƙasan jiki ta hagu. A jirgin gaske yana haɗe da wata 'yar ƙofar mariƙi a gefen jiki, in an jawo shi ita ma ta buɗe. In ka sa matakin a ƙasa, mariƙin ma ya kasance a buɗe.

Wayar rediyo, in hoton jirginka ya nuna ta, daga sandar bayan gilashi take zuwa saman wutsiya. Yanki guntun firam, ka juya shi a saman kyandir har ya yi laushi, ka janye shi daga wuta ka ja hannu biyu a hankali, zai zama zare. Manna da sufa gulu. In ya yi sako-sako, kusanto da kan ashanar da aka kashe yanzu, zafin zai ɗaure shi. Ajiye jirgin a cikin akwati mai gilashi nesa da taga, domin rana tana sa banish ya yi rawaya, zafin cikin mota a rufe kuma yana lanƙwasa fiffike. Ƙurar da ta sauka a kai, burushin kwalliya mai laushi ne ke ɗauke ta ba tare da ya tsinka waya ba.